Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da Gine-ginen da Ya Bari

Duk wanda ya tashi daga Kasuwar Kurmi ya nufi kudu, ya bi ta gaban babban masallacin Juma'a, ya kewaya katangar gidan sarki har ya ɓulla Ƙofar Kudu, sannan ya ƙarasa Gidan Makama, bai yi tafiyar awa guda ba. Amma tun daga inda ya tashi har inda ya tsaya, sawun mutum ɗaya yake takawa, wato Sarkin Kano Muhammadu Rumfa ɗan Yakubu, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Kano ta yi sarakunan da suka fi shi yawan yaƙi, ta yi waɗanda suka fi shi daɗewa a kan karaga. Sai dai da wuya a sami wanda ya tsara wa birnin zamansa kamar yadda Rumfa ya yi, domin inda ya ajiye fada da inda ya ajiye kasuwa, nan suke har yau, bayan shekara fiye da 500.

Inda Labarinsa Ya Fito

Mafi yawan abin da aka sani game da Rumfa ya fito ne daga littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci a ƙarshen ƙarni na 19, aka tattara shi daga tsofaffin rubuce-rubuce da abin da maroƙan fada da dattawa suka kiyaye a ka. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1908, daga baya kuma aka mayar da shi Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. A jerin sarakunan da littafin ya kawo tun daga Bagauda, Rumfa ne na 20.

Ya kamata ɗalibi ya lura da abu ɗaya game da shekarun. Littafin bai ba da shekarar hawa ko ta rasuwa ba, yawan shekarun da kowane sarki ya yi kawai yake faɗa. Ya ce Rumfa ya shekara 37. Palmer ne ya yi lissafi da baya da baya daga zamanin da aka tabbatar, har ya kai ga 1463 da 1499. Abin da ya ƙarfafa wannan lissafi shi ne, akwai wasiƙar da wani malami baƙo ya rubuta wa Rumfa mai ɗauke da shekarar Hijira 897, wadda ta yi daidai da 1491 zuwa 1492. Ke nan Rumfa yana cikin sarakunan Hausa na farko da shaidar waje ta gaskata zamaninsu.

Kanon da Ya Tarar

Mahaifinsa shi ne Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463), kakansa kuwa Abdullahi Burja (1438 zuwa 1452). Sunan mahaifiyarsa Faɗimatu, kuma ana danganta ta da Rano. Rumfa bai gaji ƙaramin gari ba. A zamanin kakansa aka buɗe hanyar fatauci daga Borno zuwa Gwanja, ƙasar goro, wadda ke cikin arewacin Ghana ta yau, kuma a lokacin ne raƙuma suka fara zama dukiyar sarakuna a ƙasar Hausa. A zamanin mahaifinsa gishirin Azbin ya wadata, Barebari da Larabawa suka riƙa shigowa, Fulani kuma suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga. Musulunci ya riga ya shiga fada tun zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), lokacin da Wangarawa suka zo, amma bai kawar da tsafin gargajiya ba. Tafiya ake yi da su biyun, kowa da ranarsa.

Haka nan maƙwabta ba barci suke yi ba. A yamma, Sonni Ali yana faɗaɗa daular Sanwai tun daga 1464, Askiya Muhammadu ya karɓe ta a 1493. A gabas, Mai Ali Gaji ya kafa sabon birnin Gazargamu ya mayar da Borno kan ƙafafunta. Katsina da Zazzau su ma suna ƙara ƙarfi. Sarkin da ke tsakiyar waɗannan, in bai gyara zamansa ba, wani ne zai gyara masa.

A cikin gida ma akwai ƙaya. Tun zamanin Sarki Dauda wani basarake daga Borno da ake kira Dagaci ya sauka a Kano da jama'arsa da tambura da tutoci, ya zauna ya yi ƙarfi, har aka kafa kasuwa a Karabka a dalilinsa. Wasu masana tarihi na ganin cewa yawancin abin da Rumfa ya gina, ya gina shi ne domin ya janye iko da dukiya daga hannun irin waɗannan manya ya tara su a inda idonsa ke gani. Wannan fahimta tana da ƙarfi, domin in aka dubi ayyukan nasa ɗaya bayan ɗaya, duk wuri guda suka fuskanta.

Gidan Rumfa da Ganuwa

Kafin Rumfa, zuciyar Kano tana gindin Dutsen Dala ne, inda mutanen farko suka zauna suna haƙar tama suna ƙira, inda kuma aka yi bautar Tsumburbura. Gidajen sarakunan farko duk a wannan kewaye suke. Rumfa ya bar wurin ya koma kudu, ya zaɓi fili a gefen tsohon gari ya kafa sabuwar fada. Tarihin baka ya nuna cewa kafin ya hau sarauta shi ne Makama, kuma a gidan da ake kira Gidan Makama ya zauna har aka gama ginin fadar. Tarihin Kano ya jera aikin a shekara uku: a ta farko ya gina gidan, a ta biyu ya faɗaɗa ganuwa, a ta uku ya tare.

Wannan jeri yana da ma'ana. Ganuwar farko, wadda Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ya fara, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa, ba ta kai inda sabon gidan yake ba. Sarki kuwa ba ya kwana a bayan gari. Saboda haka sai da aka ja ganuwa daga Ƙofar Dagaci zuwa Ƙofar Mata da Ƙofar Gyartawasa da Ƙofar Kawaye, aka kuma ja daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Kansakali, sannan ya shiga gidansa. Wasu daga cikin waɗannan ƙofofi sun ɓace, sai sunansu a littafi. Ƙofar Mata da Na'isa da Kansakali kuwa kowane Bakano ya san su.

Girman Gidan Rumfa ya kai kimanin eka 33, kuma in aka ce gida, kada a ɗauka irin gidan da muka sani ne. Ƙaramin gari ne mai katangarsa, da soraye, da sassan mata, da unguwannin bayin sarki, da bargar dawaki, da rumbuna, da lambu, da maƙabarta. Asalin fuskarsa arewa take kallo, wajen masallaci da kasuwa. Ƙofar Kudu, wadda a yau ita ce fuskar gidan, Sarki Abdullahi Maje Karofi ne ya fitar da ita a kashi na biyu na ƙarni na 19. Akwai kuma Soron Ingila, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna cewa na zamanin Turawa ne.

A nan ne malami zai yi hattara idan ya kai yara ziyara. Yaro zai dafa bango ya tambaya ko wannan ƙasar ce Rumfa ya taɓa. Amsar gaskiya ita ce, ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Magina kan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa su mulmula tubali, su jera shi, su yi rufi da azara, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta ci, su ɗaure manyan soraye da bakan gizo, su shafe bango da makuba, su fitar da zankwaye a saman gini. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani kuma sai a mayar. Soron da aka shekara 500 ana yi wa haka, ƙasarsa ta sauya ba sau ɗaya ba. Abin da ya tabbata tun daga Rumfa shi ne wurin, da tsarin, da sunan. A ganina wannan ya fi bangon daraja, domin akwai garuruwa da yawa a ƙasar Hausa da ganuwarsu ke tsaye amma babu kowa a ciki, sai gonaki.

Kasuwar Kurmi

Sunan kasuwar ya riƙe tarihin wurin. Kurmi a Hausa shi ne daji mai duhuwar itatuwa, galibi a bakin ruwa. Tarihin Kano ya ambaci wani kurmi a bakin rafin Jakara wanda mutanen Dala ke girmamawa, ba a sarar itacensa, kuma a nan ake yanka baƙaƙen dabbobi idan wata masifa ta tunkaro gari. A wannan yanki ne Rumfa ya kafa kasuwa. Wurin da a da ba a shiga sai da tsoro, ya zama wurin da kowa ke shiga da kwandonsa. Ko da gangan ya yi ko dacewa ce, babu hanyar kashe wurin tsafi da ta fi a mayar da shi wurin ciniki.

Ta fuskar zaman gari kuma, Kurmi ta faɗo tsakanin tsohon gari na gindin Dala da sabuwar fada, ga ruwa a kusa. Hanyoyin da suka taso daga ƙofofin gari suka riƙa haɗuwa a cikinta, baƙi kuma suka riƙa sauka a kewayenta, kowane iri da unguwarsa. Mai nazarin harshe zai iya karanta wannan tarihi a sunayen unguwanni ko da bai buɗe littafi ba. Alfindiki daga kalmar Larabci ta funduƙ take, wato masaukin fatake inda suke ajiye kaya su kwana. Dandalin Turawa kuwa ba shi da alaƙa da mutanen Ingila, domin kafin zuwansu Larabawan arewacin Afirka ne Hausawa ke kira Turawa. Ita kanta kalmar kasuwa, masana sun nuna cewa daga Barbarci muka aro ta, su kuma Barebari daga Larabci, kamar yadda muka aro sarautun Galadima da Ciroma daga Borno. Kalmar kanti kuwa ta zo ne can baya, tare da Turawan mulkin mallaka. Wanda ya bi waɗannan kalmomi a jere ya bi tarihin cinikin Kano a jere.

Sana'o'i ma sun bi kasuwar. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498, ana saura shekara guda Rumfa ya rasu, tana bakin ɗaya daga cikin ƙofofin da aka ambata a aikin ganuwarsa. Akwai wata dangantaka tsakanin rini da gini da ba kowa ya lura da ita ba. Katsi, wato laka da ke taruwa a gindin karofi, shi ake ƙonawa a haɗa da gashin jima da dafara a yi laso, wanda ake shafe rufin soro da shi don kada ruwa ya shiga. Da shi kuma ake yaɓe ramin karofin kansa. Ke nan sharar marina da ta majema ita ce simintin magina. Birnin da ke da yawan marina shi ke iya riƙe manyan soraye.

Ba kullum Kurmi ta ji daɗi ba. A zamanin Sarki Sharefa (1703 zuwa 1731) aka fara amfani da wuri a matsayin kuɗi, aka kuma ɗora haraji iri-iri. Ɗansa Kumbari (1731 zuwa 1743) ya matsa wa kasuwar da karɓa har ta kusa mutuwa, Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina. Bayan jihadi ta farfaɗo. Baturen Ingila Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya yaba da tsarinta: kowace haja da layinta, Sarkin Kasuwa yana ba da hayar rumfuna, kuma idan aka sayi riga aka kai wani gari aka tarar da aibi, akan dawo da ita a nemi dillalin da sunansa ke ciki ya mayar da kuɗi. A nan ya sayi lemar da aka yi a Ingila, wadda ta ratso Sahara kafin ta iso. Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, ana kai su har Tambutu da Gat da Tarabulus.

Zuwan Maghili

A wajen 1492 wani malami daga arewacin Afirka ya iso Kano, shi ne Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili, haifaffen Tilimsan a ƙasar Aljeriya ta yau. Mutum ne mai ilmi da zafin ra'ayi, kuma ya baro yankin Tuwat ne bayan wata babbar rigima da ya tayar a kan Yahudawan wurin. Ya biyo ta Azbin, ya zauna a Kano da Katsina, ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, ya koma Tuwat inda ya rasu a wajen 1504. Rumfa ya karɓe shi hannu bibbiyu. Unguwar Sharifai, kusa da Kurmi, ana danganta ta da zuriyarsa da mabiyansa, kuma sarautar Sidi Fari daga nan ta samo asali.

Tarihin Kano ya ce wannan baƙo ne ya umarci Rumfa da ya gina masallacin Juma'a, ya kuma sare itaciyar da ake yi wa tsafi a gina hasumiya a gurbinta. Rumfa ya aikata. Masallacin da muke gani yau ba shi ne wancan ba. Sarki Muhammadu Zaki ya sauya masa wuri a ƙarshen ƙarni na 16, Abdullahi Maje Karofi ya sake gina shi, sannan a farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi ginin siminti mai ƙubba da hasumiya biyu. A zamanin Rumfa ne kuma aka fara fita sallar Idi a Kano, a wani wuri da ake kira Shadakoko. Hawan salla na Kano, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da ake kiyayewa a 2024, da wannan zamani ake danganta tushensa.

Maghili ya rubuta wa Rumfa ɗan littafi mai babi 8 a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda aka sani da Tajuddini. Ya yi magana a kan kyautata niyya, da tsara ma'aikata, da binciken al'amuran talakawa, da adalci a shari'a, da hanyoyin tara dukiya da kashe ta. Gargaɗin da ya fi nanatawa shi ne kada sarki ya ɓuya wa jama'arsa. Abin lura ne a ce an yi wannan gargaɗi ga mutumin da bai daɗe da kewaye kansa da katanga mai eka 33 ba. Malaman jihadi, musamman Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi, sun dogara da rubuce-rubucen Maghili ƙwarai bayan shekara 300.

Wasiƙar da aka ambata a baya, ta shekarar 897, ita ce ta fi shafar zaman birni. A cikinta Maghili ya nemi Rumfa ya hana jama'arsa shirka da tsiraici da shan giya da cin mushe, waɗanda ba Musulmi ba kuma a hana su bayyana irin waɗannan abubuwa a kasuwanni da unguwannin Musulmi. Wannan ya taimaka wajen fahimtar wani abu game da tsofaffin gine-ginen Kano. A biranen Turai da yawa, gidan dafa giya yana cikin gine-ginen da gari ke tinƙaho da daɗewarsu. A cikin birnin Kano babu irin wannan, alhali kuwa Hausawan da ba su musulunta ba sun san dafa giyar dawa, kuma tana cikin bukukuwansu da tsafinsu. Doka ɗaya ba ta raba mutane da al'ada a rana ɗaya, amma alƙiblar da aka ɗauka tun wancan zamani ita ce ta tura sana'ar zuwa ƙauyukan Maguzawa. Da Turawa suka zo, gidajen giya a Sabon Gari suka zauna, masana'antar giya ta zamani da aka kafa a ƙarni na 20 ita ma a unguwar masana'antu aka yi ta, can bayan ganuwa. Ashe ganuwar ba maƙiya kaɗai take tarewa ba.

Sarauta da Abin da Ba a Cika Faɗa Ba

Tarihin Kano ya lissafa sababbin abubuwa 12 da Rumfa ya fara. Ban da gida da ganuwa da kasuwa da Idi, akwai kakaki da figini da takalmin gashin jimina, da dawakin zage waɗanda ake ja a gaban sarki. Saboda irin wannan ƙasaita da kusancinsa da baƙin arewa, maroƙa suka riƙa kwatanta shi da Balarabe. Shi ya kafa majalisar Tara ta Kano, wadda ta ƙunshi manyan hakimai irin su Galadima da Madaki da Wambai da Makama da Sarkin Bai. Ɗalibin nahawu ya lura da doguwar mallakar da ke cikin sunan: an ce Tara ta Kano ne domin lambobi jinsin mace suke ɗauka, kuma da an gajarta an ce Tarar Kano, da mai karatu ya zaci tarar da alƙali ke ci ce.

Sauran abubuwan ba su da daɗin ji, kuma littattafan firamare kan tsallake su. Rumfa ne ya fara kame, wato ƙwace na talakawa da sunan sarki. Ya sa ana shiga garuruwan bayi ana ɗebo masa 'yan mata, har aka ce ya tara mata dubu a gidansa, ko da yake dubu a bakin masu ba da tarihi sau da yawa tana nufin yawa ne kawai. Shi ya fara kulle. Shi ya fara ba bābānni, wato bayin da aka dandaƙe, manyan muƙamai har da riƙon baitulmali, domin wanda ba shi da ɗa ba shi da dangi ba ya sha'awar gadon sarauta. Ganuwa da sorayen da muke alfahari da su, hannun bayi da na talakawan da aka tilasta ne ya ɗora tubalinsu. A Kurmi kuma akwai layin da ake sayar da mutane, bai tashi ba sai da Turawa suka ci Kano a 1903.

Game da matan gidan, binciken da Heidi Nast ta wallafa a 2005 ya nuna cewa ba zaman ado kawai suka yi ba. Ƙwaraƙwaran sarki ne ke kula da hatsin da ake kawowa daga garuruwa a matsayin haraji, kuma ta hanyarsu fada ke sanin halin da garuruwansu na asali ke ciki. Matar Rumfa, Madaki Auwa, ta yi ƙarfin da har zamanin ɗanta da jikanta ana jin maganarta a sha'anin mulki.

Yaƙi kuwa bai ba shi suna ba. A zamaninsa aka fara yaƙi tsakanin Kano da Katsina, aka shekara 11 ana gwabzawa babu wanda ya rinjayi wani.

Bayan Rasuwarsa

Rumfa ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi ya gaje shi, sannan jikansa Muhammadu Kisoki, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565. Ana kiran sarakunan da suka biyo bayansa Rumfawa, har zuwa hawan Kutumbi a 1623. Gidan ya fi zuriyar daɗewa. Da masu jihadi suka kori Sarki Alwali a farkon ƙarni na 19, jagororinsu sun ƙi yarda Sarki Sulaimanu ya shiga Gidan Rumfa, domin suna ganin gidan zaluncin da suka yaƙa ne. Tarihin Kano ya ce wani daga cikin mutanen tsohuwar fada ne ya nuna masa cewa muddin bai shiga gidan ba, birni da ƙauye ba za su ɗauke shi sarki ba. Sai da aka kai maganar wurin Shehu Usmanu ya ba da izini, sannan ya tare. Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya dawo da yawancin sarautu da kayan ƙasaitar da aka yi watsi da su. Turawa ma da suka zo ba su tayar da fadar ba. Ko a rikicin sarautar da ya taso a 2024, abin da jama'a suka fara tambaya shi ne wa ke cikin Gidan Rumfa.

Kurmi ba ta yi irin wannan sa'a ba. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa da Kwarori suka kafa kantunansu a bayan ganuwa ta gabas, kusa da tasha, inda ake awon gyaɗa da fatu. Daga nan aka sami Kantin Kwari da Kasuwar Sabon Gari, babban ciniki ya bar cikin gari. Kurmi tana nan tana ci, amma ta fi shahara da kayan gargajiya: sirdi da linzami, aikin dukanci, ƙwarya, turare, littattafan addini da magunguna. Gidan Makama, wanda Turawa suka yi ofis a cikinsa bayan 1903, an raba shi: wani sashe gidan tarihi, wani makaranta, wani kuma mazaunin Makama. A sashen gidan tarihin ne aka ajiye ƙyamaren wasu tsofaffin ƙofofin gari. Akwai kuma Kwalejin Rumfa, tsohuwar Midil ta Kano, wadda aka sanya wa sunansa.

Ganuwa ce ta fi shan wuya, domin ita ce kaɗai aikinta ya ƙare. Da can kowace unguwa da kowane gari na da yankin da zai yaɓe bayan damina. Tun da aka daina tsoron hari aka daina yaɓe, masu gini suka riƙa ɗibar ƙasarta, gidaje da shaguna suka hau kanta. An sanya ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007, amma a 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka sake gina ta da kayan zamani. Malamin da ke son ɗalibansa su ga ragowar tsohuwar ganuwa da idonsu, ya kai su ɓangaren yamma da kudu maso yamma na birnin, inda har yanzu ake samun tuddanta jefi-jefi, kuma ya nemi wani dattijon unguwa ya nuna musu inda ta bi a wuraren da ta shafe.